Takardar Jinin Kaka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, zan ba ku labarin wata takarda da na yi wa gurguwar fahimta.

Bayan Babbar Sallar bara, Kaka ta fara ramewa. Tuwo sai ta yi loma uku ta ture kwano, tashi daga kan darduma ma sai an kama ta. Mu dai sai mu ce, "Ai tsufa ne." Da abin ya yi yawa Baba ya kai ta asibiti, na raka su. Aka ɗebi jininta, washegari aka ba mu takarda.

A makarantar boko an koya mana cewa idan hanta ta ji rauni, wasu sinadarai da ke cikinta, irin su ALT da AST, sukan tsiyayo cikin jini, lambarsu ta hau. Yawanci ana so kada ALT ya wuce wajen 40. Na Kaka 7 ne. Sai na ce, "Baba, albishirinka! Hantar Kaka garau take."

Likita ya yi murmushi ya ce, "'Yata, kin faɗi ɗaya, kin bar ɗaya."

Ya ce hauhawar lamba abin tsoro ce, kamar yadda ake gani a ciwon hanta nau'in B, ko yawan shan farasitamol da jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba. To amma a jikin tsoho, ƙarancinta ma abin dubawa ne. Akwai ALT a cikin tsoka, kuma sai da bitamin B6 yake aiki. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, sau da yawa alama ce ta cewa tsoka ta zube, abinci bai wadaci jiki ba. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa irin waɗannan tsofaffi sun fi sa'o'insu saurin rasuwa.

Nan take jikina ya yi sanyi. Baba ya ce, "Likita, ai ajali na Allah ne."

Ya ce, "Haka ne, Alhaji, lamba ba ta yanke wa kowa kwana. Amma Mai ajalin Shi Ya umarce mu da kula da iyaye."

Wallahi kunya ta kama ni. Haƙoran Kaka sun zube, ba ta iya tauna nama, kullum sai koko, amma ko sau ɗaya ban lura ba. Daga ranar Umma ta koma yi mata alala, dafaffen ƙwai, kifi da kindirmo. Ni kuma nake zama mu ci tare, tana tsokanata wai kishiyarta ta zo cinye mata rabo. Bayan La'asar in riƙe hannunta mu zaga tsakar gida.

An kuma gwada ta ciwon hanta nau'in B, ba ta da shi. Likita ya ce sai a 2004 rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai a Nijeriya, don haka manya su daure a gwada su.

Yau, Alhamdu lillahi, Kaka da kanta take tashi ta yi alwala. 'Yan'uwa, mu riƙa duba kwanon kakanninmu bayan sun ci, kuma takardar asibiti mu bar wa likita ya fassara. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.