Wutar Jirgi A Tsakiyar Ruwa

Duk wanda ya taɓa ƙetare tafkin Bolta daga Yeji zuwa Makango ya san abin da ke bakin kowa shi ne kututture. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya shanye dazuzzuka, itatuwan kuwa suna nan tsaye a ƙarƙashinsa. To, ni da na yi shekaru ina gyaran wutar jirage a bakin ruwan nan, akwai abin da nake tsoro kamar kututture, wato wayar da ba ta da fis.

A da igiya kawai ake ja inji ya tashi. Yanzu wasu masu jirage sun sa inji mai tashi da makulli, ga fitilu, ga famfon kwashe ruwa, ga wurin cajin wayar hannu. Duk waɗannan batir suke ci, amma ba kowa ya san kan makunninsa ba.

Ubangidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, kafin ya ba ni sukundireba sai da ya tsai da ni gaban wannan jan makunni mai zagaye. Wuri huɗu gare shi: 1, 2, BOTH da OFF. Ya ce in ɗauki batir biyun nan kamar rumbu biyu. Na 1 iri ne, na ta da inji kaɗai. Na 2 abinci ne, na fitila da sauran tarkace. Manomin kirki ba ya cin irinsa. In an kashe inji an kwana bakin gaɓa, sai a mai da makunni kan 2. BOTH yana haɗa su wuri guda, ranarsa ita ce ranar da na 1 ya gaza. Wanda ya bar shi nan ya kwana da fitila, zai iya wayar gari duka biyun sun mutu. OFF kuwa ba a kai shi can inji na aiki, domin wutar da altaneta ke bayarwa za ta rasa inda za ta zuba, ta ƙona shi.

Sai bureka. Mutane suna zaton don fitila ko rediyo aka yi ta, alhali waya take tsaro. Batir bolt 12 ne, ba ya jan mutum kamar wutar gida, shi ya sa ake raina shi. Amma in jar waya ta goge ta taɓa baƙa, nan take sai ta yi jajir, robarta ta kama. Saboda haka ake zaɓen bureka ko fis daidai da kaurin waya, a kuma sa shi dab da batir. A ƙa'idar Amurka, kada ya wuce kamar santimita 18 daga kan batir. In bureka ta faɗi, magana take yi maka. A nemo abin da ya kā da ita. Sau da yawa na buɗe akwatin fis na tarar an cusa guntun waya ko takardar kwalin taba. Ku tuna tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa shi kaɗai nake haɗawa kai tsaye da batir, da nasa fis, don ko makunni na kan OFF ya yi aikinsa in ruwan sama ya sauka da dare. Mita kuma ba ta da tsada. Batir da ya huta, in ya nuna 12.6 ya cika, in 12.2 ne ya kai rabi.

Abin da ya sa na damu, jiragen nan ba doya da busasshen kifi kaɗai suke ɗauka ba. Iyayenmu mata na zangon nan suna ciki da goyonsu. Inji ya ƙi tashi da magariba, iska ta taso, kututture na jira, wa zai kai ɗauki? Masu jirage, don Allah ku koya wa yaranku wannan makunni tun suna bakin gaɓa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.