Idan Tumatir Ya Yi Tsada, a Leƙa Tukunyar Maƙwabta



Duk shekara daga watan Mayu zuwa Yuli tumatir kan yi tashin gwauron zabi a kasuwannin Shasha da Bodija, saboda na noman rani da ake kawowa daga Kadawa da Kura ya ƙare. Magidanta sun fi kowa ji a jikinsu, domin kuɗin cefane ba ya ƙaruwa.

Zamanmu a Ibadan ya nuna mana mafita. Yawancinmu a buka muka fara cin amala da ewedu da gbegiri. Da muka bincika, ashe ewedu lalo ne, gbegiri kuwa miyar wake ce da manja. Jar miya kaɗan ake ɗigawa a kai, mutum ya ƙoshi. Ga shi lalo da alayyafo da ɗanyar kuɓewa a damina suka fi araha.

Tun daga nan iyalanmu da dama suke bin lokaci. Da damina miyar ganye da gasasshiyar masara, a watan Agusta sabuwar doya, da hunturu kuma yara su sha agwaluma. Kuka da daddawa da busasshen tumatir na gida suna nan a ajiye, don kada 'ya'yanmu su manta ɗanɗanon tuwo.

Shawara ɗaya ga mai cin abinci a waje: ya tambayi inda aka sayo naman cikin ladabi. Idan bai natsu ba, ya ɗauki kifi.

Allah Ya hore mana abin cefane, amin.