Zoɓo da Kanwa a Tsakar Gidan Malam

Shekara talatin Malam ya yi yana koyarwa a makarantar firamare, sa'an nan ya ajiye alli ya koma gidansa a Dutse Uku, cikin birnin Jos, da niyyar hutawa. Jikarsa ce ta hana shi. Wata rana da la'asar ta zo masa da littafi, ta karanto da ka cewa akwai wata takarda wadda kan sāke launi in ta taɓa abu mai tsami. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin takardar, ta ce, "A'a, Kaka, a allo aka zana mana ita." Ga shi kuwa ubanta ya fara cewa kimiyya ba ta karɓe ta ba, gara ta bar ajin.

Malam bai ce uffan ba, sai ya aike ta madafi ta roƙo wa kakarta zoɓorodo da lemun tsami da 'yar kanwa. Suka jiƙa zoɓorodon, suka tace, suka raba ruwan cikin kofunan gilashi uku. Na farko aka bar shi yadda yake, don a sami abin gwadawa. Da ta matsa lemu a na biyu, jan ya ƙara haske. Da ta ɗiga ruwan kanwa a na uku kuwa, sai ya yi duhu, ya rikiɗe ya nufi kore. Yarinya ta ja da baya. Malam ya ce mata launin da ke cikin zoɓo aikinsa ɗaya da na takardar littafinta, wato yana faɗin inda tsami yake da inda kishiyarsa take. Ya sa ta zuba lemu a kan na ukun, nan take ya yi kumfa, jan ya soma dawowa. Kumfar nan iska ce, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, ita ce kuma ke cikin lemun kwalba.

Kakar tana jin su, ta ce ai wannan ba labari ba ne, duk mai dafa yakuwa ta san kanwa ke kashe tsami. Gaskiyarta kuwa, don makaranta ce ta ɗauki abin ta sa masa sunan Turanci har yara suka daina gane shi.

Kafin wata ya cika, tsakar gidan ta cika da yaran maƙwabta kowace Asabar. Abin da Malam ya fi daɗewa a kai shi ne wankin yashi, domin mahaifinsa leburan kuza ne, cikin dubban da suka hau dutsen nan neman abinci bayan Turawa sun buɗe ma'adinai a farkon ƙarni na 20. Yakan sa a ɗebo yashi daga kwazazzabo, a zuba a ƙwarya da ruwa, a yi ta juyawa a hankali har farin ya fice, baƙin ya kwanta a ƙasa. Kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu, shi ya sa ruwa ba ya tafiya da ita. In baƙin ya bushe, sai a kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo. Abin da ya bi shi mai ƙarfe ne, kuza ba ta bi. Wuta da tafasasshen ruwa kuwa Malam ya hana sai da babba a wurin, ruwan batir kuma ko kusa.

Abu guda ne ke cin ransa. A unguwar nan rikicin watan Janairun 2010 ya soma, bayansa mutane da yawa suka ƙaura, kowa ya koma cikin nasa, har akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibansa da ba su taɓa taka layinsa ba. Bai aika wa kowa ba. Amma wata Asabar sai ga wani yaro daga can tsallake, uwarsa ta rako shi har bakin ƙofa. Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba? Kai ka koya mini a aji huɗu." Yaron yana riƙe da lemun tsami biyu. Jikar Malam, wadda har yanzu tana ajin kimiyya, ita ta karɓa ta nuna masa kofin da zai fara matsawa.