Tsakanin Gwandu da Kalgo: Wa ke yi wa mai galahanga bayanin magani?

Garin Gwandu ya fi kama da dattijon da ya bar wa ƙannensa hidimar mulki. Fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi tun zamanin Turawa, amma hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na nan, masu ziyara ba sa yankewa. Mutane sun san shi da tafsiri da fiƙihu, kaɗan ne ke tuna cewa ya yi rubutu kan lafiyar jiki a littafinsa Masalihul Insan. Ga shi yau, a garin nasa, shagon kemis ne asibitin farko na talaka.

A irin waɗannan shaguna ake zuba ƙwayoyi a leda, a ja layi uku da biro, a ce "sau uku a rana". Ga yawancinmu wannan ya wadatar. Ga mai lalurar galahanga kuwa, wanda sau da yawa yakan ɗauki magana yadda aka furta ta, babu ragi babu ƙari, layi uku na iya nufin ƙwaya uku a lokaci guda. Farasitamol ma, da muke rainawa, idan ya wuce ƙima yana lalata hanta.

Daga Gwandu sai a bi ta Birnin Kebbi a gangara Kalgo, inda babban asibitin jiha yake, ga kuma Jami'ar Tarayya a kan hanyar Bunza. Nan akwai likitoci, sai dai layi na da tsawo, hayaniya da hasken fitilu kuma kan rikita wanda kunnensa da idonsa ba sa jure yawa. Sai a yi wa uwa bayani a gurguje, shi kuma mai shan maganin, ko da ya kai shekara 20, a ɗauke shi tamkar ba ya wurin. Wannan, a ganina, shi ne babban kuskure.

Babu maganin da ke warkar da galahanga. Abin da ake bayarwa na matsalolin da kan biyo ta ne, kamar farfaɗiya da rashin barci. Risferidon, wanda Amurka ta amince da shi a 2006 don rage tsananin fushi, yana sa ƙiba da barci, saboda haka sai da sa idon likita. Maganin farfaɗiya kuma ba a yanke shi farat ɗaya, ko da azumi ya kama, sai likita ya sauya lokutan. Wasu ƙwayoyin ba a dakawa a zuba a kunu don yaro ya ƙi ɗacinsu, domin an yi su ne su narke sannu a hankali.

Abin da wasu suke kira taurin kai, wato son bin tsari ɗaya kullum, shi ne ƙarfinsu a nan. Muna da agogon da ba ya saɓawa: kiran salla. A ce masa "ƙwaya ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Isha'i", a zana hoton, a liƙa a bango, a sa shi ya maimaita da bakinsa ko ya nuna da yatsa. A auna na ruwa da murfin awo mai mililita 5, tunda cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba. Kuma a faɗa masa ƙarara abin da zai yi ran da ya manta: kada ya haɗa biyu, ya tambaya.