Yayi Biyu A Bakin Rariya

Tun ina yaro, duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi a unguwarmu ta Mandawari, aikina ɗaya ne. Ruwa na ɗaukewa sai kakata ta ƙwala mini kira, "Kai ɗan nan, je ka kwashe yayin nan daga bakin rariya kafin ruwa ya ci mana katanga." Gidan ƙasa ne, in ruwa ya kwana a gindinsa to sai gyaran Allah.

Da na shigo jami'a, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi kalma guda ya bi diddigin ma'anarta. Ni kuwa sai na ɗauki wannan.

Yayi dai shi ne ƙananan tarkacen da ruwa ko iska ke kwasowa, kamar guntun kara da ciyawa da busasshen ganye. Ba shara ba ne, domin shara hannun mutum ne ya tara ta. Ba kuma ƙurar hunturu ba ce, wadda iska ke ɗaukowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ita tana da nata sunan.

Akwai kuma ɗaya yayin, wato abin da jama'a ke rububi a zamaninsa. A rubutun boko kamarsu ɗaya, tun da ba mu nuna karin sauti, amma kunnen Bahaushe ba ya haɗa su.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga inda gizo ke saƙar. Yayin da kakata ta sani ruɓewa yake yi ya zama taki. Wanda nake kwashewa yau kuwa baƙar leda ce da ledar fiya wata, wadda aka fara yayi tun wajen shekarun 1990. Ba ta ruɓewa. Ita ke toshe magudanan ruwan birni, har da Jakara. Kududdufan da ke shanye ruwan a da kuma, an cike da yawansu an yi gini.

A daminar bara rariyarmu ta toshe da tsakar dare, katangar zaure ta zube. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin. Da gari ya waye kakata ta dubi tulin ledar da na zaƙulo, ta ce, "Wannan kam ba daga daji ruwa ya ɗauko shi ba, mu muka ba shi."

Wannan magana na rubuta wa malam a ƙarshen aikina. Abin da muka yi yayi muka yar a lungu, shi ruwa ya dawo mana da shi ƙofar gida. Allah ya sa mu gyara.