Mushe da akwatin labarun gobe

A unguwar Banifandu ta birnin Yamai, inda tabki ke cika ya tumbatsa idan damina ta yi nauyi, akwai wani tsohon malamin lakkwal wanda ya aje aiki shekaru da dama. Ba mai kiran sa da sunan yanka. Yaro da babba Mushe suke ce masa. Dukiyarsa ba ta wuce gida mai ɗaki uku, da tsohon babur, da akwatin ƙarfe cike da littattafai ba. A daminar 2020 ruwa ya shiga gidan cikin dare, ya jiƙa akwatin. Da gari ya waye, maƙwabta na shanya tabarmi da gero, shi kuwa yana shanya takardu bisa kwanon ɗaki, yana danne su da duwatsu. Alhaji maƙwabcinsa, mai shago a kasuwar Katako, ya leƙo ta katanga ya ce: «Mushe, ashe ƙarya ma ana shanya ta?»

Abin da Alhaji ke kira ƙarya shi ne almarar kimiyya, wato labarin da marubuci ke ƙagawa bisa tushen ilimin zamani, ya kai mai karatu wata duniya ko wani ƙarni da bai zo ba. Bambancinta da tatsuniya shi ne, a tatsuniya aljani ke ɗaukar mutum ya kai shi Birnin Sin cikin ƙiftawar ido, a nan kuwa sai an ce da wane inji aka tafi, kuma mene ne tafiyar ta jawo wa mutane.

Mushe ya fara cin karo da ita yana ɗan makaranta a Damagaram. Cikin watan Yuli na 1969 rediyo ya ce Amurkawa sun taka wata. Dattawan unguwa suka ce zancen Nasara ne kawai. Shi kuwa yaron bai yi mamaki sosai ba, domin ya riga ya ga abin da idonsa a cikin wani littafin zane na Tintin, wanda ya fito tun 1954, inda aka zana kumbo mai ja da fari ya sauka bisa wata. Shekara goma sha biyar ke nan mai zane ya riga masu kumbo. Tun daga ranar ya gane cewa akwai mutanen da ke zama su yi tunanin gobe a takarda kafin maƙera su ƙera ta.

Daga nan ya faɗa kan Jules Verne, marubucin Faransa. Littafinsa na 1863, Cinq semaines en ballon, labarin Turawan Ingila uku ne da suka ratsa Afirka cikin balambalan mai tashi sama, daga Zanzibar har Senegal. Yana cikin karatu sai ga tabkin Cadi, sai ga Damargu da Agadas, sai ga Zinder kanta, garin da yake zaune. Murna ta kama shi, amma ba ta daɗe ba. Verne bai taɓa taka ƙasar ba, daga littattafan matafiya ya kwaso bayaninsa, kuma abin da ya ga ya dace a faɗa game da Zinder shi ne wurin da ake kashe masu laifi. Ba kasuwa, ba malamai, ba marina. Mushe yakan ce a nan ya fara sanin zafin a hango mutum daga sama, a rubuta shi ba a tambaye shi ba.

Maganin wannan zafi daga Kano ya zo, cikin kayan wani ɗan kasuwa. Ɗan ƙaramin littafi ne na Hausa, Tauraruwa Mai Wutsiya, na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi cikin taurari. A nan ɗan Bahaushe ne a sama, shi ke kallo, shi ke tambaya. Mushe ya karanta wa ɗalibansa littafin nan har bangonsa ya fita, ya ɗinke shi da zaren buhu.

Ma'aikatan da suka yi aiki a shekarun 1990 ba su bukatar a tuna masu yadda aka sha. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, littafin da ke zuwa daga Faransa ya fi ƙarfin malami, albashi kuma sai a yi watanni ba a gan shi ba. Mushe ya koma wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a gefen Babbar Kasuwa. A can ya tsinci Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a Amurka a 1965, da ƴan daloli kaɗan. Duniya ce ta hamada zalla, inda ruwa ya fi zinariya daraja, ƙarƙashin rairayinta kuma akwai wani arzikin da manyan dauloli ke yaƙi a kansa, ƴan ƙasa na kallo. Ya ba wani abokinsa da ya yi aiki a Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971. Bayan sati biyu abokin ya maido littafin ya ce: «Wannan mutumin, a wace shekara ya zo ƙasarmu?»

To, da Alhaji ya yi masa ba'a ranar shanya, Mushe bai yi fushi ba. Ya bari sai da yamma, an zauna shan shayi a ƙofar gida, ya ce: «Alhaji, in ka sayi gero a kaka ka ɓoye don bazara, gaibu ka sani?» Alhaji ya ce a'a, lissafi ne. Mushe ya ce: «To, su ma lissafi suke yi. Gaibu na Allah ne. Su dai suna duban abin da ke hannu yau, su tambaya ina zai kai jikokinsu.» Sa'an nan ya kawo masa misalin Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa rana ce arzikin Nijar, a lokacin da mutane da yawa ke ganin zancen mafarki ne. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa, a 2023 kuma tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta Goru Banda ta fara ba birni wuta. Alhaji ya yi shiru, domin rabin shagonsa yau farantan sola ne.

Littattafan da suka tsira daga ruwa ba su kai rabi ba. Amma babbar asarar ba ita ce wannan ba. Idon Mushe ne ya fara yin hazo, har baƙaƙe suka zame masa kamar tururuwa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana karatu ya wayi gari sai an karanta masa takardar lantarki. Ya daina buɗe akwatin, ya rage magana.

Jikanyarsa, mai karatun Ingilishi a jami'a, ita ta fisshe shi. Wata rana ta aje masa salula a cinya ta ce: «Kaka, in ido ya ƙi, kunne ai bai ƙi ba.» Ya ce: «Amarya, me kika kawo wa angonki?» Ta zuba masa littattafan da aka karanta da murya, da wasannin kwaikwayo na rediyo. Cikinsu har da wanda Orson Welles ya yi a Amurka ran 30 ga Oktoba 1938, inda ya maida labarin H. G. Wells na harin mutanen duniyar Mars kamar labarun gaskiya, har wasu masu saurare suka firgita. Tana fassara masa, yana gyaɗa kai. Ya ce mata littafin Wells a 1898 ya fito, a 1899 kuwa ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Baƙi masu makamin da ba a taɓa gani ba, a cewarsa, Turawa a littafi suka karanta, kakanninsa kuwa a jikinsu suka ji.

Ita ce kuma ta kawo masa The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, marubuciya ƴar asalin Najeriya haifaffiyar Amurka. Littafin ya fito a 2007, labarin wata yarinya ce a Nijar ta shekarar 2070. Mushe ya yaba, amma ya ce har yanzu wani ne ya rubuta mana, ko da yake wannan karon ƴar uwa ce.

Ga wanda ya tambaye shi ta ina zai fara, amsarsa ba ta sakewa. Yaro a fara masa da littafin zane, domin hoto ke jan ido zuwa baƙi. Mai jin Hausa ya nemi Umaru Dembo. Ɗan kasuwa da ma'aikacin buro su ɗauki Dune, su yi haƙuri da kaurinsa. Wanda bai yi boko ba, ko idonsa ya gaza, ya sa kunne. Kuma uban da ke iya sayen salular jika hamsin, kada ya ce littafin jika biyu ya yi tsada.

Yanzu duk daren Asabar, bayan sallar lisha, yaran unguwa kan taru a zaurensa. Suna shirya nasu wasan, suna ɗauka da salula: Yamai bayan shekara ɗari, kogin Kwara ya janye, ƴan Banifandu na sayar wa sauran birni ruwan tabkinsu. Murfin tukunya ne ƙarar kumbo, ƙwarya da tsakuwa ce guguwa. Mushe ba ya rubuta masu ko kalma, iyakarsa ya tsayar da su ya tambaya: «Da wane inji? Wa ya ci riba? Wa aka bari baya?» Autan Alhaji shi ke fitowa a matsayin shugaban masu rabon ruwa. Alhaji da kansa har yanzu yana cewa ƙarya ce, amma shi ke aiko da sukari da ganyen shayi, kuma makon jiya an ji shi yana gardama da yaran cewa farashin da suka sa wa jarkar ruwa a wasan bai yi daidai da lissafi ba.