Zuru ta cika, amma su wa suka cika ta?

Jama'a, mun saba cewa cikar gari arziki ce. To ba kowace cika ba.

Ranar Asabar bayan isha'i na raka wani baƙo bakin tasha. Hayaƙin tsire na tashi, janareto na ruri, 'yan kabu-kabu sun tare hanya, samari sun cika gidan kallon ƙwallo ana ta ihun Arsenal. Ga mai Hausa, ga mai C'lela, Musulmi da Kirista a benci ɗaya wajen mai shayi. Baƙona ya ce, "Kai, ashe garinku na ci haka?"

Ni kuma fuskoki nake kallo. Dattijon da ke tallan goro, na san shi a ƙauyensu can wajen Wasagu, da rumbunan dawa har uku. Na ce, "Baba, ina gona?" Ya ce, "Ɗana, gona tana nan, mu ne dai ba mu nan." Yaron da ya kawo mu a babur daga Sakaba ya gudo, shekara biyu bai riƙe fartanya ba.

Abin da nake so mu gane kenan. Wani ɓangare na wannan cunkoson, ƙauyukanmu ne da 'yan bindiga suka watse suka dawo cikin gari. Ba mu manta Maris ɗin 2022 ba, da aka kashe 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba. Ba mu manta 17 ga Nuwamban 2025 ba, da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashe ɗalibai 25. Kowane hari sai ya ƙaro wa Zuru baki, ya rage mata manoma. Shi ya sa hayar ɗaki ke ta hawa.

Mu fa mutanen Uhola ne, bikin godiya bayan an kai amfanin gona gida. Idan mai noman yana tallan goro a tasha, me za mu gode a kai baɗi?

Ban ce a daina fita shan iska ba, wallahi gara fitila da hayaniya da garin da ake kulle ƙofa tun magariba. Amma in kun zauna wajen mai shayi, ku tambayi na kusa da ku daga ina ya fito. Kuma 'yan siyasar da za su zo neman ƙuri'a, tambaya ɗaya za mu yi musu: yaushe mutanen nan za su koma gonakinsu?

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zuru. Amin.